Wa Zai Zauna a Ogan Ranar Talata

Milano, 3 ga Satumba, 1973

Zuwa ga Maestro Ermete Baldoni,

Gaisuwa mai yawa daga ɗalibinka da ya fi kowa ba ka ciwon kai. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma ƙanwarka Adalgisa ta daina ɓoye maka kofi. Ka gaishe ta, ka ce mata har yau ban ci taliyar da ta kama ƙafar tata ba a garin nan.

Na san kana fushi da ni tun watan Yuni, da na bar jarrabawa na bi ƙungiyarmu bikin kiɗa a Roma. Ban rubuto don in wanke kaina ba. Abin da ke cikin ambulan ɗin nan ne ya sa: shafi ashirin da biyu, da hannuna na rubuta. Ka tuna ranar da ka saurari faifanmu na farko? Ka cire tabarau ka ce, "Loris, 'yan Ingila huɗu nake ji, waɗanda aka haifa a ƙasarmu bisa kuskure." Duilio mai ganga har yanzu yana kwaikwayon muryarka da wannan magana. Ta yi mana zafi, amma ba ƙarya ka yi ba.

Wannan karon namu ne. Kiɗa ɗaya ne, minti ashirin, zai cinye fuska guda ta faifai. Nives ce ta rubuta baitocin, a kan watannin da ita da iyayenta suka yi suna kwana a taragon jirgi bayan girgizar ƙasar Ancona bara. Da harshen gida take rerawa, in ta gaji ta ɗauki sarewa. Duilio ya ɗauko bugun rawar da tsofaffi ke yi a masussuka, ya ɗan karkata shi. Gastone ya daina dukan jitarsa kamar ta zagi uwarsa. A tsakiya akwai muryoyi uku da ke bin juna, irin abin da ka shekara biyu kana cusa mini a kai ina hamma.

Ga roƙona. Ogan na lantarki, wannan mai maɓallai irin na fiyano da nake kaɗawa, ba zai iya ɗaukar rabin ƙarshe ba, muryarsa siririya ce. Ogan ɗin cocinmu na Staffolo nake so, na bututu. Na san ba ka barin kowa ya hau benen da yake kai ba ka wurin, ni ma tsofaffin waƙoƙin da ka zaɓa mini kawai na taɓa yi a kansa. Amma tun da na fara rubutun nan muryarsa nake ji. Za mu ɗauki komai a nan Milano a kan tef, mu bar wa ogan gurbi, sannan kamfani ya turo motar ɗaukar sauti har ƙofar coci. Ka yi wa limamin cocin, Don Ulderico, magana. Kai kaɗai yake jin tsoro.

Batun jarrabawar Oktoba kuwa, ina sane. In ban zauna ta ba, ko na faɗi, takardar da ke ɗage mini aikin soja ta mutu, katin kiran nan mai ruwan hoda ya iso gidan mahaifiyata, sai wata goma sha biyar a bariki. Ina atisaye kullum da safe. To, kusan kullum.

Ka duba mini shafukan da jan fensirinka.

Ɗalibinka,
Loris Mengarelli


Staffolo, 11 ga Satumba, 1973

Loris ɗana,

Wasiƙarka ta same ni lafiya, ƙafa kuma tana nan da halinta. Adalgisa tana amsawa, ta ce ƙarya kake, hoton da ke bayan faifanku ya nuna ba ka cin komai sai gashi.

Na buɗe shafukanka a kan fiyano bayan cin abincin rana, ban tashi ba sai da aka buga ƙararrawar yamma. Yaro, ka girma. Ba daɗin baki nake maka ba, ka san ban iya ba. A faifanku na farko kowa ihu yake don a ji shi. A nan kuna sauraron juna. Wurin da sarewa ta bar zancenta a rataye, jita ta ɗauka ta ƙarasa mata, sau huɗu na maimaita shi. Muryoyin nan uku kuma, ashe kana ji lokacin da kake hamma. A shafi na tara ta biyu da ta uku suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan sanda, na raba su da ja. A shafi na sha huɗu ka cika surutu, ka bar wa Nives wurin numfashi. Sauran kada ka taɓa.

Na je wurin Don Ulderico. Ya ce, "Waɗannan masu gashin mata? A ɗakin Allah?" Na ce masa waɗanda ke jikin bangon cocinsa ma duk gashinsu har kafaɗa. Ya yi dariyar da ba ya so, ya yarda. Sharuɗansa biyu: ba taba, kuma ƙarfe huɗu na yamma kowa ya fita, don Oktoba watan addu'ar carbi ne, matan gari ba za su ɗaga wa kowa ba.

Yanzu ka saurare ni da kunnen da kake sauraron Nives. An kafe ranar: Talata, sha shida ga Oktoba, ƙarfe tara na safe, a makarantar kiɗa ta Pesaro. Babu wani zama bayan wannan. "Kusan kullum" ba ya cin jarrabawar shekara ta takwas. Shekara talatin da takwas nake koyarwa, na ga yaran da bariki ya dawo mini da su. Hannu ya yi tauri, wannan ana gyarawa. Abin da ba a gyarawa shi ne, kafin su dawo abokan tafiyarsu sun watse, ɗaya ya yi aure, ɗaya ya shiga masana'anta. Abin da ku huɗu kuka fara samu yanzu ba zai jira ka wata goma sha biyar ba.

Na haɗu da mahaifiyarka a kasuwa. Ta ce duk safiya in ta ji babur ɗin mai kawo wasiƙu sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Ka zo gida mako guda kafin ranar, ka zauna a fiyanona, in ji ka da kunnena. Ogan kuwa yana nan. Na daɗe ina kallon farkon shafinka na ɗaya. To, sai dai ka zo.

Allah ya yi maka albarka.

Malaminka,
Ermete Baldoni


Milano, 2 ga Oktoba, 1973

Maestro,

Ina gaisuwa a tsaye, yanzu za a kira ni. Na gode da jan fensir. Na raba 'yan sandan.

Mun gama ɗauka jiya, kwana tara. Duilio ya fasa fata biyu, Nives ta daina yi wa Gastone magana na kwana ɗaya da rabi, amma abin ya fito. In ka ji gurbin da muka bar wa ogan, sai ka ji kamar ɗakin da aka share ana jiran baƙo.

Motar ɗaukar sauti tamu ce kwana biyu rak, Litinin sha biyar da Talata sha shida. Daga nan ta wuce Napoli wurin wasu, ba ta dawowa sai bayan wata guda, kamfani kuma yana son faifan a shaguna kafin Kirsimeti. Kada ka ɗaure fuska. Aikina na awa biyu ne, ranar Litinin zan gama shi. Talatar kuwa injiniyan sauti ne ya nema don ko ta kwana, ni kuwa da asuba ina cikin motar Jesi, ƙarfe takwas ina Pesaro da wankakkiyar riga.

Za mu iso Juma'a sha biyu da kwafin tef, in gwada hannuna. Mako gudan da ka ce bai samu ba, amma Asabar da Lahadi naka ne.

Naka,
Loris


Staffolo, Juma'a da yamma

Maestro Baldoni,

Ina gaisuwa. Zan ba Adalgisa wannan a bakin ƙofa, ba zan shigo ba.

Ɗazu ta kawo mana mabuɗin bene, ta ce ƙafa ta hana ka fitowa. Na yi mamaki, don na san da zazzaɓi ma kana hawa benen nan. Muka hau da ƙaramar na'ura, Gastone ya kunna tef, na ja mariƙan da ke buɗe muryoyin ogan, na jira gurbina. Na sa hannu biyu da ƙafa.

Ban san yadda zan faɗa maka ba, amma ai ka sani. Kamar an taka wutsiyar karnuka goma a cikin rijiya. Na ɗauka yatsana ne ya zame. Na sake. Duilio daga ƙasa ya ce, "Loris, in alade kake yankawa ka bari sai Janairu." Na gwada mazaunin sautin Do, ya fito tas, har tsigar jikina ta tashi. Na gwada La, haka. Na koma Si, inda na gina kiɗan gaba ɗaya, kare ya dawo.

Don Ulderico ne ya leƙo daga ɗakin tufafi, da tsintsiyar gashin tsuntsu a hannu. Ya ce, "Si kuke nema? Ai ogan ɗin nan ba ya yin Si, ko mai sharar coci ya sani. Shekarar da mawaƙan bishop suka zo sai da Ermete ya sauke musu waƙar. Bai gaya muku ba?"

Gastone ya ƙara wa tef gudu ko za mu hau Do. Muryar Nives ta koma ta ɓera. Ya rage don mu sauka La, ta koma ta mashayi. Kwana taranmu na Milano sun tafi. Sai dai mu huɗu mu sake komai daga farko, a cikin coci, a wani mazaunin sauti, cikin kwana biyu. Ka san wace rana ce ta biyun.

Ka ga alamun nan biyar a farkon shafi, masu nuna a Si aka gina kiɗan. Da kanka ka rubuto cewa ka daɗe kana kallonsu. Ka gyara mini shafi na tara, ka gyara na sha huɗu, layi ɗaya da zai cece mu ba ka rubuta ba. Lokacin ba mu ɗauki ko bugu ɗaya ba.

Tambaya ɗaya nake yi. Mantawa ka yi?

Ina rumbun inabin mahaifin Duilio, can za mu sake koyon kiɗan. Pesaro kuma ka cire ta a ranka.

Loris


Staffolo, Asabar, 13 ga Oktoba

Loris ɗana,

Ina gaishe ka, ko da ba za ka amsa ba. Na zo rumbun da safe, Duilio ya tsaya a ƙofa ya ce ba ka nan, ina jin ogan ɗinka na lantarki a bayansa. Ban ga laifinsa ba.

Ban manta ba. Na gani tun kafin in karanta layi na biyu.

Bari in gaya maka abin da ya kamata in koya maka tun kana da shekara goma sha biyu. Mutanen da suka ƙera ogan ɗin nan shekara ɗari biyu da suka wuce ba su raba sauti daidai wa daida kamar yadda ake yi yanzu ba. Ka ɗauka gida ne mai ɗaki goma sha biyu. Na lantarkinka ya bar 'yar ƙura kaɗan a kowane ɗaki, don haka ko'ina ka shiga za ka iya zama. Su kuwa suka share takwas tas, suka tara sharar duka a sauran huɗu, suka ja ƙofa. Si yana cikin huɗun. Shi ya sa Do ɗinsa ya tayar maka da tsigar jiki. Ban taɓa ba ka waƙar da za ta kai ka ɗakin shara ba, don haka ba ka da hanyar sani.

Ga abin da na saƙa a raina. Na ce za ku hau, ku ji kukan cikin minti biyar, ku yi tsaki ku sauko. Motar ta juya, kai ka zo ka zauna a fiyanona kwana uku, ka ci jarrabawa, ka koma Milano ka cike gurbin da na lantarki. Na ɗauka faifan zai ɗan rage kyau, kai kuma ka tsira. Na auna ku da yaran bara, masu haƙura da abin da ya samu. Ni da na rubuta maka cewa kun girma, ni ne ban yarda da maganata ba. Na yi shiru inda aikina shi ne in yi magana. Ba ni da wata hujja bayan wannan.

Amma har yanzu Asabar ce. Tun da safe nake zaune, na sauke maka ɓangaren ogan duka zuwa La, ga shi a ciki. A La jitar Gastone za ta fi sakewa, Nives kuma ba za ta riƙa miƙa wuya a ƙarshe ba. Ranar Litinin ku ɗauki rabin farko, inda kake kan na lantarki. Ranar Talata ka tafi Pesaro, ni in zauna a bene in buga abin da ka rubuta, ba ƙari ba ragi. Kada a sa sunana ko'ina.

Na san abin da nake roƙo. Na ɓata maka aiki, yanzu kuma ina neman kujerarka. Ka tsane ni in kana so, amma ka tsane ni daga Milano, ba daga bariki ba.

Malaminka,
Ermete


Staffolo, Lahadi bayan abincin rana

Maestro,

Barka da hutawa. Nives ce, mai sarewa. Ba mu saba ba sosai, don haka ka yi haƙuri da bakina.

Da farko, abin da ka yi ba kyau. Wata shida na yi a tarago ina jin tarin mutum arba'in, waƙar nan daga can ta fito, kai kuma ka yanke mata hukunci kai kaɗai a kan fiyanonka. Na faɗa, na wuce.

Loris ya karanta mana wasiƙarka a tsaye a kan akwatin inabi. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Ya kashe, yanzu kuma yana so ya yi wankan gawa." Amma shafukan da ka sauke bai yaga ba. Mun gwada La. Ka yi gaskiya, muryata ta samu wurin zama.

Gastone ya ce to a juya mana, a ɗauki rabin ogan ranar Litinin. Mun gwada sau uku, muryoyin nan uku suna rushewa a sabon wuri, yatsunmu suna komawa inda suka saba. Sai mun ƙara kwana. Ga shi kafin a gama ja wayoyi rana ta yi tsaka, ƙarfe huɗu kuma mata da carbinsu. Rabin ƙarshe sai Talata, ba makawa.

Loris ya ce shi ke nan, zai zauna ya buga, soja kuma su zo.

Duilio ya ajiye sanduna ya ce, "Kai ka san bariki? Ni na yi nawa a Friuli. Dankali na fere wata goma sha biyar. Da na dawo, wannan hannun sai da ya shekara kafin ya gane ɗan'uwansa."

Loris ya ce, "Kai dama ba su taɓa gane juna ba."

"Na ji. Amma in ka tafi, wa zai rubuta na gaba? Gastone? Shi da ba ya iya rubuta wa budurwarsa kati?"

Gastone ya ce kada a sa budurwarsa a ciki.

Sai na ce a ɗaga hannu. Ka san ƙa'idarmu ko ba ka sani ba: tun ranar da muka haɗu, komai da ɗaga hannu muke yanke shi, daga sunan faifai har wanda zai kwana kusa da taga, kuma wanda aka rinjaya ba ya gardama. Loris ne ya kawo ƙa'idar, ya ce ƙungiyarmu ba ta da sarki. Sau biyu ya kayar da ni da ita.

Ya ce, "Wannan ba abin ɗaga hannu ba ne. Kiɗana ne."

Na ce, "Baitocina ne. Ka ga na hana a taɓa su?"

Na ɗaga. Duilio ya ɗaga. Gastone ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ɗaga nasa rabi, kamar mai tsayar da motar da bai tabbata tasa ba ce. Uku da ɗaya. Loris ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kun kore ni daga faifaina." Ya ɗauki rigarsa ya fita cikin gonar inabi. Ba mu bi shi ba.

To, Maestro, ranar Talata ƙarfe takwas kana bene. Ka zo gobe ma ka saurara, don Duilio ba ya jiran kowa. Mun iya hana shi kujera. Sa shi a jirgi kuwa ba mu iya ba, ban kuma san ko zai shiga ba.

Ka huta lafiya.

Nives Carletti


Staffolo, Talata, 16 ga Oktoba, da yamma

Loris ɗana,

Ina gaishe ka a duk inda kake. Zan aika wannan ɗakinka na Milano, don ban san wani wuri ba. Mahaifiyarka ta ce ka fita da jaka ka shiga motar ƙarfe shida, ba ka ce mata komai ba. Daga Jesi jirgi yana zuwa Pesaro, yana kuma wucewa.

Jiya na zauna a kujerar baya ina kallonka. Ba ka dube ni ba ko sau ɗaya, amma da za ka fita ka bar mini takarda a kan maɓallai, ka jera muryoyin da zan ja da inda zan ja su. Na bi ta kamar umarnin likita.

An gama. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina.

Sau biyar na farko na ɓata. Ka san daga bene sauti yana isa ƙasa a makare, ni kuwa shekara talatin da takwas jama'a ke jirana, ban taɓa bin kowa ba. Duilio ya ɗago kai ya ce, "Maestro, da girmamawa, jana'iza ta wuce tun ɗazu." Injiniya ya ɗora mini abin ji a kunne, ya ƙara rikita ni. A na shida Duilio ya hau benen da kansa, ya cire mini shi, ya ce, "Kada ka saurari kanka. Kalli kafaɗata ta dama, in ta faɗi ka riga ka makara, ka danna tana sama." Yaron da na kora daga ajin waƙa saboda ba ya riƙe murya. Na ce, "To, Maestro." Bai yi dariya ba.

Muka karkata madubin da nake kallon bagade da shi, ya koma kan Duilio. Daga nan abin ya fara tafiya.

Ƙarfe uku da rabi muna da ɗauka biyu masu tabo. Matan sun fara taruwa a ƙofa, Don Ulderico yana nuna mini agogonsa daga ƙasa. Injiniya ya ce saura ɗaya. Nives ta cire takalmi ta tsaya a kan dutse. Da muryoyin nan uku suka shiga, sarewa, jita, sannan ni, ba wanda ya taka wani. Da ogan ya buɗe duka a La, ƙura ta zubo daga saman bututu cikin hasken taga, Gastone ya rufe ido. Bayan sauti na ƙarshe ba wanda ya motsa har amon ya mutu. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta ce, "Sun gama? Ƙafafuna." Injiniya ya ce ta shiga tef, Nives ta ce a bar ta.

Abu ɗaya zan faɗa tun kafin ka ji da kanka. A shafi na sha tara, gudun da ka ba hannun hagu ya fi ƙarfina. Na buga rabinsa. Na yi alkawarin ba ragi, na rage. Na mai shekara ashirin da biyu ka rubuta, kuma daidai ka rubuta.

Duk wannan lokacin rabin hankalina yana kan agogo. Ƙarfe tara na ce yanzu ana kiran sunaye. Ƙarfe goma na ce in ya shiga, yanzu yana kan waƙa ta biyu, wadda ƙafarsa ke gaggawa a cikinta. Da muka fito na je shagon kofi na buga waya makaranta. Mai gadi ya ce shi ba ya riƙe sunayen masu shiga, sakamako kuma sai an manna shi a bango ranar Juma'a.

Mahaifiyarka tana zaune a ɗakin girkinmu tare da Adalgisa yanzu haka. Labarinka take jira.

Layi ɗaya ya isa, Loris. Ba don ni ba.

Malaminka,
Ermete


Milano, 22 ga Oktoba, 1973

Maestro,

Ina gaisuwa. Na buga wa mahaifiyata waya tun ranar Juma'a, na roƙe ta kada ta gaya maka, ina so ka ɗan jira.

Na sauka a Pesaro. Na zauna a bakin teku har tara saura minti biyar, sannan na shiga. Sun ba ni shida cikin goma, mafi ƙarancin abin da ake wucewa da shi. Ɗaya daga cikinsu ya ce ƙafata tana gaggawa. An sa wa takardar ɗage aikin soja hannu, sai baɗi.

Tef ɗin yana kan teburina. Nives ta ce in ji shi ni kaɗai. Ban kunna ba tukuna, kada ka tambaye ni yaushe. Sunanka zai fito a bayan faifai, an ɗaga hannu, huɗu ne.

Ga shafi uku na wani sabon abu. Ba gyara nake nema ba. Ka rubuto mini abin da ka gani, duka.

Ka gaida Adalgisa.

Loris